Ina giwan ruwa ya shiga? Abin da bincike ya gano game da kifin Komadugu da tabkin Chadi

Duk wanda ya leƙa layin masu kifi a kasuwar Diffa, ko kuma yana can Yamai ko Agadas ko Libiya aka aika masa da ɗan kwalin banda daga gida, ya san abin da zai tarar tun kafin ya buɗe: tarwaɗa ce, sai karfasa, in an yi sa'a a haɗa da bargi. Amma in ka zauna da dattawan Assaga ko na Geskeru ko na Bosso, labarin da za su ba ka daban ne. Za su ce maka a da ana kama giwan ruwan da sai mutum biyu sun taru kafin su ɗaga shi, ga tsage mai haƙora zaƙo-zaƙo, ga shemani da ake shanyawa har a cika buhuna. To ina waɗannan suka shiga? Masunta ne suka cinye su, ko ruwan ne ya sauya?

Ba yau aka fara wannan tambaya ba, kuma ba mu kaɗai ke yin ta ba. Sama da shekara 60 ke nan masana ilimin kifi suna awo, suna ƙirge, suna farke cikin kifin wannan yanki suna dubawa. Tun a 1964 wani Bafaranshe mai suna Jacques Blache ya fitar da littafin da ya tattara kifayen da ke cikin tabkin Chadi da kogunan da ke zuba a cikinsa, nau'i sama da 120. Abin da waɗanda suka biyo bayansa suka gano kuwa abu ne da ya shafi tukunyar kowane gida a nan: kifin da masunci zai kama bana, ambaliyar bara ce ta haife shi, kuma irin kifin da zai samu ya danganta da irin ruwan da kifin ya samu ya zauna a ciki.

Ruwan da ke isowa bayan damina ta ɗauke

Mu fara da kogin kansa. Ruwan Komadugu ba na samanmu ba ne, sai ɗan kaɗan. Mafi yawansa daga Najeriya yake tasowa ta koguna biyu: kogin Haɗeja da ke kwaso ruwan ƙasar Kano, da kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Bauci. Su biyun suna bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su haɗe a wajejen Gashuwa, su wuce Gaidam, daga nan kogin ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya na kusan kilomita 150, har ya faɗa tabkin Chadi kusa da Bosso. Da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan ba ya gaggawa. Shi ya sa ruwan saman da aka sheƙa a Jos cikin watan Agusta sai damina ta ɗauke a nan yake iso mana. Kogi kan fara gudu wajejen Yuli, ya yi ta hauhawa sannu-sannu, ya kai ƙarshen cikarsa tsakanin Oktoba da Disamba gwargwadon shekara, sannan ya soma ja da baya. In rani ya yi nisa, a shekarar da ruwa bai yi auki ba, abin da ke saura sai gurabe nan da can a cikin rairayi. Akwai ma'aunin ruwa a Bagara, gefen garin Diffa, wanda da shi ake karanta wannan hawa da sauka.

Mutane da yawa suna ɗauka kifi a tsakiyar kogi yake hayayyafa. Ba haka ba ne. Tsakiyar kogi hanya ce kawai. In ruwa ya cika ya tumbatsa, sai ya bi ƙananan mashigai ya shiga tabkuna da fadamun da ke gefe, kifi kuma ya bi shi. Ƙasar nan da ta kwashe rani tana shan kashin shanu da na awaki da busasshen ganye, da zarar ruwa ya hau kanta sai ta zama kamar gonar da aka zuba wa taki. Cikin ƴan kwanaki ruwan zai cika da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin bincike, ga tsutsotsin ƙwari, ga gansakuka. Wannan shi ne nonon jariran kifi. Ga kuma burugu da bado da sauran ciyayi inda za su ɓuya daga manyan kifaye da tsuntsaye.

Kowane kifi da irin dabararsa. Tarwaɗa ba ruwanta da reno. Da ruwa ya fara hawa kan ciyawa, sai ta shiga wuri mara zurfi da dare ta zuba ƙwai dubu-dubai masu danƙo, su manne a jikin ciyawa, ta yi tafiyarta. Kwana ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe, mai rabon rayuwa ya rayu. Bargi shi magini ne: yakan share ciyawa ya yi sheƙa zagayayya mai faɗin kusan mita ɗaya, kuma in ƴaƴan suka fito suna yawo a dunƙule iyayen na tsaron su. Yauni ma yana yin sheƙa, amma tasa da ciyawa ce mai yawo a saman ruwa, ƙwansa manya-manya, kuma masunta sun san ba a kusantar sa a lokacin saboda cizo. Wannan yaunin dai shi ne kifin da wani masani mai suna Hans Lissmann, a jami'ar Kambirij ta Ingila, ya gano a 1951 cewa yana fitar da ƴar wutar lantarki mai rauni ba dare ba rana. Ba irin ta minjirya mai girgiza mutum ba, a'a, tasa ta lalube ce: da ita yake gane abin da ke kewaye da shi cikin ruwa mai duhu.

Karfasa kuwa ita ce abin tausayi. A nau'in da ya fi yawa a wajenmu, namijin kan haƙa ɗan rami kamar kwano a ƙasan ruwa, macen ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su duka a bakinta. Nan za su ƙyanƙyashe, nan za su zauna har wajen mako biyu, ita kuwa duk tsawon lokacin kusan ba ta cin komai. Masuncin da ya ɗaga karfasa ya ga tana tofar da ƴan ƙanana, ya san ba kifi ɗaya ya kama ba, ɗaruruwa ya kama.

Yadda aka bi sawun ƴaƴan kifi

Binciken da ya fi fito da alaƙar ambaliya da kifi fili an yi shi ne a kudancin tabkin, inda kogunan Shari da Logon ke shigowa. Su biyun ne ke kawo wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga tabkin Chadi. Namu Komadugu rabonsa bai kai kashi 5 ba. Masu binciken wata cibiyar Faransa da a lokacin ake kira ORSTOM, yanzu kuma IRD, sun yi zama mai tsawo a Njamena. Ɗaya daga cikinsu, Jean-René Durand, ya bi rayuwar shemani, wanda masana ke kira Alestes baremoze, mutanen Chadi kuma ke kiran busasshensa salanga. Ya nuna cewa manyan kifayen kan baro tabki su hau kogi, tafiyar ɗaruruwan kilomita, su zuba ƙwai lokacin da ruwa ke hawa. Ƴaƴan su yi ƙiba a fadamun arewacin Kamaru, sannan in ruwa ya fara janyewa su gangaro tabki.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi wajen komowa ita ce ƙoramar El Beid, wadda ta ratsa tsakanin Gamboru da Fotokol. A nan ne wasu masana biyu, Vincent Bénech da Jacques Quensière, suka yi ta ƙirga ƙananan kifayen da ke wucewa, shekara bayan shekara. Sun tarar a shekarar da Logon ya yi babbar cika, ƴaƴan kifin da ke gangarowa sun fi yawa, kuma sun fi girma. A shekarar da cikar ta gaza, kamar an rufe famfo. Sun kuma lura tafiyar kifin tana da alaƙa da hasken wata da kuma dare da rana, abin da tsofaffin masunta ba za su yi mamakinsa ba.

A ɓangarenmu na arewa ma an yi aiki. Akwai tashar binciken kifi a Malam Fatori, tsallaken Bosso, inda A. J. Hopson ya nazarci giwan ruwa, Jane Hopson kuma ta nazarci shemani na arewacin tabkin, aka buga sakamakonsu a 1972.

Wani zai ce, to ta yaya ake sanin shekarun kifi, tunda ba shi da takardar haihuwa? Yana da ita, a jikinsa take. In sanyin hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwa kan yi sanyi, kifi ya rage ci, girmansa ya tsaya. Wannan tsayawar tana barin zobe a kan ɓawonsa, kamar zoben da ake gani in an sare itace. A ɗora ɓawon ƙarƙashin madubi a ƙirga zobba, an san hunturu nawa ya gani. Tarwaɗa da kurungu da ba su da ɓawo, sai a yanka ƙayar da ke gefen ƙirjinsu ko ƙashin baya a duba. Akwai kuma wasu ƴan duwatsu farare a cikin kan kifi, su ma suna da zobba. Da irin wannan ƙirgen aka gane cewa kifin fadama yana yin mafi yawan girmansa na shekara ne cikin ƴan watannin da ruwa ke kwance a kan ciyawa.

Kuma ba a tabkin Chadi kaɗai ba. Robin Welcomme, masanin kifi da ya yi aiki da hukumar abinci ta duniya FAO, ya tattara bayanan koguna masu ambaliya a Afirka ya nuna cewa yawan kifin da ake kamawa yana bin girman ambaliyar shekara ɗaya ko biyu da suka gabata. A Mali, a fadamun kogin Kwara da ke wajejen Mopti, kamun kifi ya ragu da kusan rabi tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da ƙarshen shekarun 1980, daidai da yadda faɗin ƙasar da ruwa ke mamayewa ya ragu.

A nan sai mutum ya yi hattara da bakinsa. Wanda ruwa ya rushe wa ɗaki ko ya cinye wa gonar tattasai da shinkafa a 2012 ko a watan Oktoban 2019, ba za ka je ka ce masa ambaliya alheri ce ba. Asara ce, kuma babba. Sai dai ruwan nan da ya yi ɓarna a tudu shi ne ya cika tabkunan da suka daɗe ba su ga ruwa ba, kuma kifin da aka ci a shekarar da ta biyo baya daga can ya fito.

Abin da ya faru a 1973

Yanzu mu koma ga giwan ruwa. A farkon shekarun 1960 faɗin tabkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Ɓangaren arewa, wato namu, shi ne ma ya fi zurfi, buɗaɗɗen ruwa ne mai igiya, har bakin Ngigmi. Irin wannan ruwan ne giwan ruwa da tsage da shemani ke so: mai faɗi, mai motsi, mai wadatar iska.

Sai farin 1972 da 1973 ya zo. Shari da Logon suka gaza, tabkin ya ja baya, wani tudu da ke ƙarƙashin ruwa tsakanin Baga ta Najeriya da Baga Sola ta Chadi ya fito fili, ciyayi suka rufe shi, tabki ya rabu biyu. Tun daga lokacin, kwarin arewa ba ya samun ruwan kirki sai kudu ta cika ta tsallako wannan shingen. Abin mamaki, a 1974 an kama kifin da ba a taɓa kama irinsa ba, an ƙiyasta sama da tan 200,000. Ba yawa kifin ya ƙara ba. Ruwa ne ya tsuke, kifi ya taru wuri guda, kowa ya ɗiba. Bayan wannan sai mutuwa ta biyo baya, kifi birjik a saman ruwa.

Me ya kashe su? Rashin iska. Kifi ma numfashi yake yi, sai dai shi iskar oksijin da ta narke cikin ruwa yake tacewa da jajayen tsokokin nan da ke ƙarƙashin marfin kunnensa. Iskar nan kuwa ba ta da yawa a ruwa: abin da ke cikin lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa ya ninka na lita ɗaya ta ruwa kusan sau 30. In ruwa ya yi zafi, sai ta ƙara raguwa. In ciyawa ta mutu tana ruɓewa a ciki, ruɓewar ma cinye iskar take yi. In guguwa ta tayar da laka daga ƙasa, abin ya ƙara muni. Lokacin da ya fi tsanani shi ne gab da asuba, domin da dare tsirran ruwa ba sa fitar da iska, su ma ja suke yi. Shi ya sa mai zuwa tabki da sassafe a watan Afrilu yake ganin kifi ya ɗago baki sama yana haki. Giwan ruwa ba ya jure wannan ko kaɗan. Shi ne kan gaba wajen mutuwa, tsage da shemani na biye.

Waɗanda suka gaji wurin su ne masu wata hanyar numfashi ta biyu. Tarwaɗa tana da wata tsoka mai rassa kamar ƙaramin itace a cikin kanta, da ita take shaƙar iskar sama kai tsaye. Shi ya sa take kwana a kwando ba ta mutu ba, shi ya sa kuma take iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wannan kududdufi zuwa wancan. Bargi yana haɗiyar iska ya tura ta cikin jakar iskar da ke cikinsa. Karfasa ba ta shaƙar iskar sama, amma tana da juriya, tana iya lasar siririn ruwan da ke can sama wanda ya fi iska, ga ta da saurin haihuwa.

Sarkinsu duka ita ce gaiwa. Ita huhu gare ta na gaske, har ma in aka tsare ta a ƙarƙashin ruwa ba ta leƙo sama ba, nutsewa za ta yi ta mutu. In tabki ya fara ƙafewa, sai ta nutsa cikin laka ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zame mata kamar jaka, ta bar ƴar ƙofa daidai bakinta. Bugun zuciyarta ya ragu, ta daina ci, ta riƙa rayuwa da naman jikinta har ruwa ya dawo. Wata shida, wata bakwai, ba komai ba ne a wurinta. A ɗakin bincike an ga wadda ta wuce shekara uku a haka. Ƙasar da ka taka ta tsage a watan Mayu, mai yiwuwa akwai mai rai a ƙarƙashinta tana jira.

Ke nan kifin tabkin bai ƙare ba, jama'arsa ce ta sauya: kifin buɗaɗɗen ruwa ya ba kifin fadama wuri. A wasu shekarun 1980 kwarin arewa ya bushe ƙaf, itacen ƙayar nan da masana ke kira Prosopis ya mamaye shi. Da ruwa ya komo a ƙarshen shekarun 1990, sai ya kwanta a ƙarƙashin wannan dajin, itatuwan suka mutu a tsaye. Jirgi na shan wuya a ciki, raga na yagewa, amma tarwaɗa ta samu gida. Wata ƴar ƙasarmu, Hadiza Kiari Fougou, ta yi digirinta na dakta a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai a 2014 a kan yadda hawa da saukar ruwan tabkin ke juya rayuwar masunta a ɓangaren Nijar. Kuma kada a ɗauka wannan ne karo na farko da tabkin ya tsuke: tun wajejen 1908 wani hafsan Faransa mai suna Jean Tilho ya tarar da arewacinsa a bushe, daga baya ya sake cika.

Rabon ɗan Adam a ciki

Fari daga Allah ne, amma akwai abin da hannu ya yi. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duka a ƙasar Kano, a kan rassan kogin Haɗeja. Madatsa tana riƙe ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ya yi wa birni da masu noman rani daɗi, amma kifi ba haka yake so ba, shi cika da janyewa yake buƙata. Ruwan da ba ya ƙafewa kuma ya ba ciyawar kacalla dama ta toshe magudanai a wajejen Haɗeja da Nguru. Yau mafi yawan ruwan da ke iso mana daga Jama'are yake, kogin da har yanzu ba a datse shi da babbar madatsa ba. Duk ranar da kuka ji ana maganar madatsar Kafin Zaki a jihar Bauci, ku kasa kunne, domin maganar tabkunan Assaga ake yi ko da ba a ambaci sunanmu ba. Irin wannan batu na ruwan da ya ratsa ƙasashe shi ne dalilin kafa hukumar tabkin Chadi, CBLT, a 1964.

Su ma masunta ba a wanke su tas ba. Ragar nailan ta shigo yankin a farkon shekarun 1960, kuma binciken Durand ya nuna shemani ya fara jin jiki tun kafin fari ya ƙarasa shi. A shekarun 1980 gura ta zo tare da masuntan Mali, daga ita aka samu dumba, wato jera gura ɗaruruwa a tare mashiga daga wannan gaɓa zuwa waccan. A gaskiya dabara ce mai kawo kifi. Amma in aka tare mashiga ruf a lokacin da iyaye ke shiga fadama, ko lokacin da ƴaƴa ke fita, an yanke zuriyar ne a wuya. Mafi muni shi ne jan sange, wato gidan sauro, a bakin tabki. Idonsa ba ya barin komai, har wanda bai kai ɗan yatsa ba, ga shi kuma an jiƙa shi da maganin kashe sauro. Kwanon ƴan mitsi-mitsin da yaro zai kawo gida a watan Nuwamba, da an bar shi zuwa Maris da kwando ne.

Akwai wata alama da kowace mai gyaran kifi za ta iya dubawa ba tare da madubi ba. Karfasar da ke cikin walwala sai ta yi girma sosai take fara ƙwai. In ta matsu, ko don ruwa ya yi kaɗan ko don ana yawan kwashe manya, sai ta fara haihuwa tun tana ƙarama. In kika farke karfasar da ba ta kai tafin hannu ba kika tarar da ƙwai cike da cikinta, wannan tabkin yana faɗa miki an takura masa.

Mun san abin da yankin nan ya gani tun watan Fabrairun 2015: dokar ta-ɓaci, hana su da cinikin kifi, kwashe mutane daga tsibirai, jama'ar Assaga da na ƙauyuka da dama na bakin kogi suka koma zaman bakin kwalta. Sai a watan Maris na 2019 aka ɗage haramcin kamun kifi. Mutumin da ya yi shekaru ba ya iya zuwa inda ya saba jefa raga, ya dawo ya tarar da ɗan tabki guda da kowa ke rububi a kai, ba wanda zai zarge shi in ya kwashe abin da ya samu. Amma ilimin kifi bai san uzuri ba. Wurin da mutane suka fi taruwa a kansa yanzu, wato tabkuna da guraben da ke kusa da gari, shi ne daidai wurin da irin kifin ke fakewa.

Ga yadda abin yake. Kifi irin tarwaɗa da karfasa suna da saurin farfaɗowa; in aka samu cika mai kyau, iyaye kaɗan sun isa su cika fadama da ƴaƴa. Don haka kamun da ake yi lokacin da ruwa ke ko'ina ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne watannin Afrilu da Mayu da Yuni, lokacin da duk abin da ya rage na iyaye ya tattaru a ƴan gurabe masu zurfi. A lokacin ne injinan ban ruwa ke zuƙe gurbin, a lokacin ne ake jan taru a share shi tas, a lokacin ne kuma wani zai zo ya wanke tankin feshin tattasai a bakin ruwa. Yawancin magungunan ƙwarin da ake fesa wa tattasai guba ne mai ƙarfi ga kifi, ɗan kaɗan ya isa, balle a ruwan da ba ya gudu. Dokar su ta Nijar, tun wadda aka sa wa hannu a watan Disamban 1998, ta hana kamun kifi da guba ko nakiya, kuma jami'an gandun daji ne ke da alhakin tsaron ta. Amma mai wanke tankin feshi shi ba su yake yi ba, bai ma san ya kashe komai ba sai gobe da safe.

Kakanninmu na bakin wannan kogin ba su karanta Durand ba, amma sun san zancen gurbi. A garuruwa da dama daga nan har Gashuwa, bulama ko sarkin ruwa kan hana taɓa wani gurbi mai zurfi har sai ranar da aka sa, sannan gari ya fito da gora da homa a yi su na yini guda a tashi. Bikin kamun kifi na ƙasar Bade a Gogaram daga irin wannan al'ada ya samo tushe, haka ma na Argungu, inda ake tsare Matan Fada duk shekara. Su na yini ɗaya da homa ba ya share ruwa. Kullum akwai wanda ya nutse cikin laka ko ya shige ƙarƙashin saiwa ya tsira. Taru mai ƙaramin ido da ake ja safe da yamma har tsawon wata biyu shi ne ba ya barin kowa. Tarwaɗar da ta tsira a gurbi a watan Yuni, cikinta cike yake da ƙwai, sabon ruwan Yuli kawai take jira ta hau ciyawa.